Daga Fatakwal Zuwa Inugu, Kan Sawun 'Yan Tseren Keke

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Katsina kafin babur ya cika gari ya san darajar keke. Da shi malamin firamare ke zuwa makaranta, da shi ma'aikacin En'e ke zuwa ofis, da shi ake shigo da itace da kayan miya daga ƙauye tun da duku-duku. Saurayi in ya mallaki Raleigh, wanda a Kano ɗin ake haɗa shi zamanin da masana'antu ke da rai, to maganar aurensa ta zo da sauƙi. Yaro kuwa da ya damƙi 'yan kwabbai sai rumfar mai hayar keke, a duba agogo a miƙa masa, ya dawo da gwiwa a kuje yana murna. Amma yau in aka kira sunayen masu ɗaukar tutar Najeriya a tseren keke, galibinsu daga kudu suke, musamman yankin Neja Delta. Namu sai an tona.

Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da aka ba jihar Inugu karɓar baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa karo na 23 a 2026, bayan wadda aka yi a Abekuta a watan Mayun 2025, sai na ga ya kamata in je in ga inda wasan yake da rai, in kuma zauna da 'yan uwanmu mazauna can in ji ko akwai ɗansu a cikin lissafi.

Motar dare ce ta ɗauke mu, ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo. Gari ya waye mana a Lokpanta, babbar karar shanu ta jihar Abiya, inda Hausa da Fulatanci ke tashi ta ko'ina. Daga nan sai Aba, sai Oyigbo, muka shiga Fatakwal cikin yayyafi. Mai masaukina ƙanina ne ta wajen uwa, ɗan albasa, ya kwana biyu a garin. Hausawan Fatakwal ba a unguwa ɗaya suke ba, sana'a ce ta rarraba su: 'yan canji a gefen otal ɗin Presidential kan titin Aba, 'yan doya da 'yan gwari a nasu wuri, mahauta da suka watsu bayan gwamnati ta tashi mayankar Trans-Amadi, ga masu shayi da masu gyaran takalmi da masu gadi a kowane lungu. Masallaci ne ke haɗa su, da Sarkin Hausawa, da motar kaya in ta iso daga gida.

Da na gaya masa abin da ke tafe da ni ya daɗe yana kallona. "Yaya, keke kuma?" Can sai ya ce in dai su nake son gani, in shirya ranar Asabar da asuba, kafin motoci su fito, ta bakin titinsu suke wucewa.

Muna idar da salla muka tsaya bakin titi. Kwalta a jiƙe, fitilun kan gada ba su mutu ba. Sai ga su a layi guda, kowa da hular kwano da riga mai ɗame jiki, kai a sunkuye. Ba ka jin komai sai shuuu na taya a kan ruwa da ƙas ɗin giya in an canza. Tsakanin tayar bayan na gaba da tayar gaban mai bi masa bai wuce taƙi guda ba. Ina kallo na gaban ya ɗan kaɗa gwiwar hannu, ya zame gefe, ya bar layin ya wuce shi, ya maƙale a wutsiya, na biyu ya karɓi iska. Ta uku a layin yarinya ce. Ruwan tayar na gabanta na feshin fuskarta, ba ta ko ɗaga hannu ta share ba, don in ta bar tazara ta buɗe, duk na bayanta sun yanke.

Babban abokin gabar mai tseren keke iska ce, ta fi tudu cin ƙarfi. Wanda ya laɓe bayan wani yakan tsira da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai ƙone, a tsakiyar babban gungu kuwa ya fi haka. Shi ya sa mutum ɗaya ke ɗaga kofi amma jama'a ce ta ci masa. Kakanninmu fataken Gwanja sun san wannan tsari sarai: ayari na da madugu, da jagaba, da uban dawaki, kowa da aikinsa, kuma ba ranar tashi ake neman su ba. Ita ma ƙungiyar keke tana da jagora, da masu tare masa iska a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da masu jan sa a tudu har numfashinsu ya ƙare su koma baya, da wanda zai ja baya zuwa motar ƙungiya ya cuso gorunan ruwa a riga ya rarraba, da wanda in tayar jagora ta yi faci zai dira ya miƙa masa kekensa, shi ya tsaya jiran wani. Bayansu ga koci, ga makanike, ga mai tausa, ga mai dafa abinci.

Da hantsi ya fito uku daga cikinsu suka dawo ta teburin mai shayin unguwar, suka jingine kekuna, aka soya musu ƙwai. Ashe nan ne zangonsu kowace Asabar, har yaron mai shayin, ɗan Daura ne, ya haddace sunayen da suke musu a kai. Lokacin musayar 'yan wasa ne, zancen ke nan. A matakin ƙoli na duniya ƙungiyoyi 18 ne na maza, kowacce ba ta wuce mahaya 30, amma takwas kacal take zaɓa zuwa Tour de France, zagayen Faransa mai zango 21 cikin mako uku. Ƙungiyar UAE Team Emirates na da Tadej Pogacar ɗan Sulobeniya, wanda ya ci zagayen a 2020 da 2021 da 2024 da 2025. A gefensa ga Joao Almeida da ya zo na biyu a zagayen Sifen na 2025, ga Isaac del Toro ɗan Meziko da ya zo na biyu a na Italiya, ga Tim Wellens da Nils Politt masu shan iska a madadinsa. Juan Ayuso ya bar su ya koma Lidl-Trek, da ma ba a sarki biyu zamani ɗaya. Remco Evenepoel ɗan Beljiyam ya koma Red Bull-Bora-Hansgrohe da fatan samun mataimakan da za su kai shi saman tudu. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a Faransa a 2024, baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zango a wannan gasa, shi ma ya sauya sheƙa zuwa NSN. Ɗaya daga cikin mahayan ya kafe a kan cewa a zagaye na gaba Jonas Vingegaard, abokin karawar Pogacar, zai rama. Ni dai a ganina UAE ce har yanzu a gaba, kuma ba don Pogacar kaɗai ba. Mutanen da ke kai masa ruwa, a wata ƙungiyar su ne za a kai wa.

Najeriya ba ta da ƙungiya a wannan mataki. Abin da muke da shi shi ne tawagar ƙasa, da tawagogin jihohi, da kulob-kulob na masu sha'awa a Legas da Abuja da Fatakwal, waɗanda da aljihunsu suke sayen taya. Hukumar tseren keke ta ƙasa ta koma hannun Giandomenico Massari a 2017, injiniya ɗan asalin Italiya da ya shekara da shekaru yana aiki a yankin Neja Delta. A zamaninsa aka farfaɗo da zagayayyen filin tseren keke na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003 aka bar shi har ya zama rumbun ajiyar murhunan girki na gwamnati. A 2022 a can aka yi gasar Afirka ta tseren cikin fili.

Sunan da ba ya barin bakin mahayan nan shi ne Ese Ukpeseraye, 'yar jihar Delta. A Fabrairun 2023 ta zama zakarar Afirka ta tseren kan titi a Akara, ta kuma hau wa Canyon//SRAM Generation, ƙungiyar Jamus da aka kafa don 'yan mata daga ƙasashen da wasan bai yi ƙarfi ba. A Paris a 2024 ita ce ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a Olamfik. Gurbin tseren cikin fili ya zo mata a ƙurarren lokaci, ba ta da keken da ya cika ƙa'ida, tawagar Jamus ta ara mata. Aka yi mako guda ana kumfar baki a Facebook, kowa ya koma harkarsa. Aron keke abin kunya ne, amma abin da ya fi ci mini rai shi ne ita kaɗai ce a bakin layi. A tseren titi mace ɗaya ba mai tare mata iska, tana karawa da ƙasashe masu mata huɗu-huɗu, an riga an gama da ita tun kafin a busa.

Ranar Laraba na bi ƙanina kasuwar Oil Mill. A nan na ga ƙafafun da nake nema. Samari 'yan ci-rani daga Jigawa da Katsina da Zamfara, wasu daga Maraɗi, suna tura baro shaƙe da buhunan albasa cikin caɓi tun safe har la'asar. A Diobu kuma 'yan garuwa ke hawa gangare da kura mai jarka goma ko sha biyu, nauyin da ya haura kilo 200. Turin kura ba tseren keke ba ne, na sani. Tsere na son huhu da zuciya da horo tun mutum na ɗan shekara 14 ko 15. Amma Ruwanda ta nuna mana inda ake tono mahaya. Da aka kafa tawagarsu a 2007, cikin samarin da ke dakon kaya da fasinja a keke a kan duwatsu aka yi ta zaƙulo su. A 2012 Adrien Niyonshuti ya riƙe tutar ƙasar a Olamfik ta Landan, a 2014 Valens Ndayisenga ya ci zagayen Ruwanda, a Satumbar 2025 kuma Kigali ta karɓi gasar duniya, karo na farko a Afirka. Shekara 18 ke nan daga rumfar masu dako zuwa can.

Daga Fatakwal na nufi Anacha, hanyar kuwa ta Owerri take bi. Mun ratsa Elele, inda Hausawa mafarautan giwa suka zauna tun ƙarshen ƙarni na 19, kafin a san za a yi wani gari wai shi Fatakwal, zuriyarsu na nan har yau. Daga nan shingen bincike ne bayan shinge, direba na rage gudu yana ƙarawa, har muka wuce Ihiala da Okija muka faɗa hayaniyar Upper Iweka.

Anacha ba garin hawan keke ba ne, garin sayar da shi ne. Tituna a cushe da tirela da Keke Napep da masu baro, ga kwata a buɗe. Tun 2018 gwamnatin Willie Obiano ta hana acaɓa a cikin gari, kamar yadda Fatakwal ta yi zamanin Rotimi Amaechi, Inugu zamanin Sullivan Chime, Kano kuma a 2013, samarinmu da yawa suka koma baro ko mai ƙafa uku. Mutanenmu sun fi yawa wajen Bida Road inda babban masallaci yake, da kasuwar Ose mai barkono da kayan miya, da gindin tsohuwar gadar Kwara ta 1965 inda ake sauke awaki da tumatir.

A wani lungu kusa da masallacin na sami dattijon da ya fi kowa ba ni ilimi a tafiyar nan. Bazazzagi ne, gyaran keke yake yi a ƙarƙashin laima, da kwano ɗaya na ruwan gwada tub, da gwangwanin boris, da sholisho, da famfo mai mariƙin katako da ya sha hannu har ya yi sheƙi. Na same shi yana miƙar da ƙafar keke da ta karkace. Ya kife keken a kan sirdi, ya juya ƙafar, ya kafa babban yatsansa dab da bakin ƙarfen. Duk inda ƙarfen ya goge yatsan sai ya tsayar, ya sa ɗan mabuɗi ya ɗaure waya ɗaya kwata, ya sassauta ta ɗaya gefen kwata, ya sake juyawa. Wani lokaci ba ya ma kallo, tsinke yake sa wa ya bugi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana saurare, wadda ta yi sako-sako muryarta daban. Kafin shayina ya huce ƙafar na juyawa ba ko rawa.

Na ce, "Baba, yara nawa ka koya wa wannan?"

Ya ce, "Ɗana, da can sai na kori wasu. Yanzu duk wanda uwarsa ta kawo, wata biyu ya gudu wajen masu gyaran waya. Keke ai sun ce na wanda ya rasa ne."

Na ba shi labarin makaniken manyan ƙungiyoyi, wanda ke zaune a bayan mota rungume da ƙafar keke, in an yi faci ya dira ya canza cikin daƙiƙa goma, wani lokaci ya leƙo ta taga ya gyara giya ana cikin gudu. Ya ajiye mabuɗin, ya ce in sake faɗa masa. Sannan ya ce, "To ashe sana'ar ba ta mutu ba, mu ne ba a gaya wa ba." Hannu irin nasa shi ne rabin ƙungiya, kuma ba na jin akwai jami'in wasanni da ya taɓa tambayar inda yake zaune.

Shi ya tura ni wajen 'yan gwanjon kekuna. Ga su nan jibge, na yara da na manya, daga Turai da Japan. A can ƙarshen layi, a rataye, wani siririn keken tsere mai lanƙwasasshen kai, taya ba ta fi kaurin yatsa biyu ba, da yatsa ɗaya na ɗaga shi. Mai shagon, Ibo ne mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya ce ya daɗe a rataye. "Alhaji, mutanenka in sun zo kariya suke dubawa. Wannan ba ya ɗaukar buhu, ba ya goyo." Gaskiyarsa. Sabon keken ƙwararru, wanda doka ta hana ya gaza kilo 6.8, yakan haura dala 10,000, wannan ba namu ba ne yanzu. Amma na koyo ga shi a rataye a Anacha, kuɗinsa bai kai na tsohon babur ba.

Ba a zama da Hausawan Anacha a rasa jin Fabrairun 2006, lokacin da kashe-kashen Maiduguri suka jawo ramuwa a nan, aka rasa rayuka da yawa, jama'a suka tsallaka gada da ƙafa zuwa Asaba. Dattawa sun tuna 1966 ma, da abin da aka yi wa Ibo a garuruwanmu, ba sa ɓoye wannan. Zaman yau lafiya ake, ana ciniki ana zumunci, amma mutum yana yi yana waige. A Agustan 2021 kuma aka fara zaman gida na ranar Litinin. Litinin ɗin da ta same ni a can ba wanda ya fita nesa. Titin da jiya ba masaka tsinke ya zama fili, yaran unguwa, namu da na maƙwabta, suka fito da kekuna biyu suna karɓa-karɓa daga bakin masallaci zuwa kwana, iyaye na ƙwala musu kira kada su wuce nan. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ɗan Bahaushen kudu shiga tsere. Horo na son mutum ya yi kilomita 100 a kan hanyar daji, uban da ya ga 2006 kuwa ba zai bar ɗansa ya yi nisa shi kaɗai ba. Sai dai in cikin ƙungiya ne, tare da 'ya'yan gari, da rigar da kowa ya sani.

Daga bakin kogi kana hango Asaba, da sabuwar gada ta biyu da aka ƙaddamar a 2023. Jihar Delta, inda Asaba take, ce ta karɓi gasar ƙasa a 2022, ita ce kuma ke zuwa ta ɗaya a jerin lambobi gasa bayan gasa, har da ta Abekuta. Ba tsafi ba ne. Suna riƙe 'yan wasansu duk shekara, suna biyansu.

Anacha zuwa Inugu ya ɗan haura kilomita 100, ta Awka da Amansea da karar shanu ta Ugwuoba. Daga Oji River ƙasa ke fara tashi, jar ƙasa da tuddai. A Ninth Mile, mararrabar da duk motar arewa ke ratsawa, mata suka yanyame mu da okpa mai zafi a ganye, wanda da gurjiya ake yinsa, gurjiyar ma da yawanta daga wajenmu ake lodinta. Na roƙi direba ya bar babbar hanya ta Ugwu Onyeama, inda tankar mai ta yi mummunan hatsari a Janairun 2025, ya bi da mu tsohuwar hanyar Milliken Hill ta Ngwo.

Wannan hanya ita ce abin da na fi so in gani a Inugu. A jikin dutse aka sare ta, kwana bayan kwana, dama bango hagu rami, garin na shimfiɗe a ƙasa. A gindin duwatsun nan aka gano kwal a 1909, dominsa aka ja layin dogo zuwa Fatakwal a 1916, a nan kusa kuma, a Iva Valley, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan kwal 21 ranar 18 ga Nuwamban 1949. Muna gangarawa muka yi kiciɓis da wani mahayi shi kaɗai yana hawowa, ya miƙe tsaye kan feda, keken na rangaji dama da hagu, baki a buɗe, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan ƙarfe. In masu shirya gasar 2026 suka sa irin wannan tudu a hanyar tseren titi, lissafi zai canza. Mahayan Ribas da Bayelsa da Delta 'yan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, ƙarfinsu a gudun ƙarshe yake. Tudu kuwa na marasa nauyi ne masu dogon numfashi, kuma a tudu laɓewa bayan wani ba ta cika ceto ba.

A Inugu na sauka wajen 'yan canji na Owerri Road, inda ake kira Ama Hausa, wato unguwar Hausawa. Nan ma sai da aka tuna mini da Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, falken shanu, wanda ya shiga NCNC ta Azikiwe, mutanen Inugu suka zaɓe shi magajin garinsu na farko a shekarun 1950. A unguwar nan da Garki ta Awkunanaw akwai samarin da a nan aka yanke musu cibi, suna Ibo kamar Hausa, makarantar gari suka yi. Garin da ya taɓa ba baƙo kujerarsa ta ɗaya, ban ga abin da zai hana ɗan Ama Hausa sa rigar jihar Inugu ya hau mata keke ba. Mai masaukin baƙi kullum yana neman lambobi, kuma yanzu ne yake tattara mutanensa.

Da safiyar Asabar na je dandalin Okpara, inda rabin gari ke fitowa motsa jiki. Masu gudu, masu rawa, masu keke na zagaye. Na duba iya dubawata ban ga namu ko ɗaya a kan sirdi ba. A gefe suke, suna sayar da dabino da aya da ruwan sanyi.

Hasashena game da gasar ba mai daɗi ba ne a wajenmu. Delta za ta zo da tawaga cikakkiya, maƙwabtanta na biye, Inugu na da amfanin sanin hanya. Jihohinmu na arewa da yawa sai gasa ta ƙarato ake buɗe sansani, a nemo kekuna, wani lokaci a nemo har mahayan daga wata jihar, a gama a sallami kowa. Da haka ba a cin tseren da rabinsa sanin juna ne. Wanda zai bi bayanka da tazarar taƙi guda a gudun kilomita 45 cikin awa, sai ya san yadda kake taka birki. Abin takaicin shi ne Allah ya ba mu wurin horo. Asmara, inda su Girmay suka taso, tana kan tudun da ya haura mita 2,300, siririyar iskar can ce ke gina musu jini. Mu ma muna da Jos a wajen mita 1,200, da Mambila da ta fi ta. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuma keke ya dawo titunan Kano da Maiduguri, ma'aikata da ɗalibai sun kakkaɓe na iyayensu. Marigayi Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma wa keke tun 2001 yana ministan sufuri, ya hau keke zuwa taron majalisar zartarwa, aka yi masa dariya, har mota ta taɓa tura shi rami. Yana da gaskiya a kan keke, masu sukarsa ma suna da gaskiya a kan titi, don har yau ba mu ware wa mai keke hanyarsa ba.

Maganar 'yan mata ta fi wuya, ba zan ɓoye ba. Mafi girman abin da Najeriya ta samu a wasan nan mace ce ta kawo shi, mu kuwa yarinya na fara girma ake sauke ta daga keke. Akwai iyayen da damuwarsu shiga ce, kuma wannan tana da magani, don ana ɗinka kayan tsere masu rufe jiki, mata daga ƙasashen Musulmi na hawa da su.

Daren da zan taso na zauna da wasu dattawa da shugaban matasa a Garki, bayan isha'i, kan tabarma a ƙofar wani shagon hatsi. Na zayyana musu abin da na gani tun daga Fatakwal. Na ce ba sai an jira gwamnati ba: yara biyar ko shida 'yan ƙasa da shekara 17, kekunan gwanjo daga Anacha, mai gyara ɗaya, da babba ɗaya da zai kai su wajen masu horon dandalin Okpara ya gabatar da su da sunan unguwa. Wani Alhaji mai shanu ya tambayi ko akwai kuɗi a ciki. Na ce a farko babu, sai kashewa, in yaro ya yi fice ne jiha ke ɗaukarsa, daga nan tawagar ƙasa. Wani ya ce karatu fa? Na ce Asabar da Lahadi da asuba ne, wanda ya yi wasa da makaranta a karɓe keken.

Shugaban matasan ya fara ƙirga yaran da ya san suna da keke a unguwar, ya kai bakwai, biyu a ciki na kai wa iyayensu kaya kasuwa da shi kullum. Babban dattijon, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce, "Malam, ka bar wa yaron nan lambar mai shagon Anacha. Ranar Juma'a bayan an sauko za mu kai maganar gaban Sarki. Amma hular kwano za a fara saye kafin keke, don ni zan je in fuskanci iyayensu mata."